Motar da Ta Fi Ƙarfin Lungunmu

Ni mutum ne da ba na iya ganin abu in bar shi yadda yake. Wannan halin ne ya kai ni ga taɓa tsohuwar a-kori-kurar Babana, wadda ya bar mini bayan ɓarin jikinsa ya shanye.

Lokacin ina zaune a Gwallameji ina aikin ofis, shi kuma yana gidanmu na gado a Ƙofar Ran. Kowace Asabar da hantsi nakan shiga lungunmu da motar, in tsayar da ita dab da bakin zaure yadda jikinta zai kare ƙofar, in ɗauko shi cak in zaunar a gaba ba tare da kowa ya gani ba. Daga nan sai gonarsa ta hanyar Dass. Ba ya sauka. Ta taga yake duban gero, yana yi wa masu noma faɗa da rabin baki. Fitar da ta rage masa ke nan.

Ana haka na fara ganin hotunan irin motar a waya, an faɗaɗa musu kafaɗu, an ɗaga su sama, sai tawa ta koma mini kamar akuyar da ta sha rani. Na kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota, mutumin kudu ne da ya daɗe a Bauchi. Ya zagaye ta yana ƙwanƙwasawa, ya ce, "Oga, motan nan yana da ƙashi. Ka ba ni shi, ba za ka gane shi ba."

Ya kuwa cika alkawari. Ya yanke murfin tayoyin huɗu, ya yi waldar sabon ƙarfe, kowane gefe ya ƙaru da taƙi guda. Aka sa tayoyi masu faɗi, aka ƙara sifirin don ta ɗaga sama, bakanike ya canza kafireto da salansa, har in na taka ta sai ƙirjina ya amsa. Kafin a soma aikin sai da na auna ƙofar gidana ta Gwallameji da igiya har sau biyu, ina yaba wa kaina hankali. Lungun da aka haife ni a ciki kuwa ko a raina, don ban taɓa ɗaukarsa abin aunawa ba.

Asabar ta farko na karya kwana da ƙwarin gwiwa, sai ga falwayar wutar lantarki a dama, katangar maƙwabci a hagu, mota ta ce nan ta tsaya. Na ja baya, na sake gwadawa, na kankare sabon fenti. Dole na ajiye ta a bakin titi. Tsakaninta da zaurenmu bai fi taku arba'in ba, amma hanyar ta gaban dakalin da tsofaffin unguwa ke zama take bi, abokan da Baba ya yi shekaru yana jan su salla.

Na tarar da shi ya sa hula yana jira. Na ce, "Baba, motar ba ta shigo ba. Zan goya ka, ba nisa."

Ya ce, "Ta gaban dakali?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Cire mini hular."

Abin da ya kamata shi ne in mayar da motar gareji ranar Litinin. Ban mayar ba, kuma ba ni da wata hujja sai cewa ina son ta a haka. In na ratsa unguwar GRA da ita masu manyan motoci sukan waiwayo, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Na kawo keke mai ƙafa uku na haya har bakin zaure, ya ce ko'ina a buɗe yake, ba zai shiga ba. Na ce wa kaina zan ari mota mako mai zuwa, makon ya zo na ce na gaba. Nakan je in gaishe shi da ƙafa, in ba shi labarin gona, ya saurara yana kallon rufin ɗaki. Haka gero ya yi kara, ya fid da kai, aka yanke, duk bai gani ba.

Ranar da na kai masa labarin yawan damman da aka ɗaure, bai ce ko madalla ba. Da na fito kunya ta rufe ni, washegari na koma gareji.

Mai gyaran ya riƙe ƙugu. "Oga, ni na yi, ni zan yanka kuma? Me ya same shi?"

Na ce, "Ba ta shiga gidanmu."

Ya mayar da ita yadda take, sai tabon walda a kowane gefe.

Asabar da ta biyo na shiga lungu sumul, na kare bakin zaure, na shiga da murnata. Na ce, "Baba, ga mota a ƙofa. Mu je ka ga inda aka yi girbi."

Ya ɗan ɗaga kai ya saurari ƙarar injin, sannan ya mayar da shi kan matashi. Watannin nan na kwanciya sun cinye sauran ƙarfin bayansa, ko zama ba ya iya yi sai an tokare shi.

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Je ka dubo mini."

Na tafi ni kaɗai. Ban sauka ba, ta taga na duba.