Ƙusar da Muke Rataye Makullin Mota

Jiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji an watsa ruwan bokiti a kan ƙarfe. Matar gidan da ke bayanmu ce take wanke baro. Ƙara ce kawai irin wadda ake ji kullum, amma hannuna ya tsaya cik a cikin faifai. Ƙarar nan ta kai ni wurin motar Baffana, ta kuma dawo da ni kan jikata da ke kwance a ɗakina da tsohon ciki. Ku yi haƙuri da ni, zan faɗa muku yadda abubuwan biyu suka haɗu.

A nan Tudun Wada aka haife ni, a gidan nan da nake ciki, lokacin katangarsa ta ƙasa ce. Baffa ƙanen mahaifina ne, hatsi yake sayarwa a kasuwa. Yana saurayi ya yi yaron mota, a nan ya koyi tuƙi, ya kuma ɗauki son mota ya sa a ransa. Da Allah ya buɗa masa, ya tafi Kaduna ya sayo sabuwa. Shi da bakinsa yake ba mu labarin yadda aka yi cinikin. Aka ce masa akwai mai rediyo, ya ce yana da rediyo a gida. Aka ce akwai mai agogo a gaba, ya ce ladan yana nan da ransa. Aka ce akwai mai darduma a ƙasa da kujerun yadi masu laushi, ya ce shi ba ɗakin amarya ya zo saye ba. Ya ce a ba shi wadda ba ta da komai, a rage masa kuɗin duk abin da aka cire. Aka kuwa ba shi. A wancan zamani haka ake yi. Mota iri ɗaya ce, mai hali ya ɗauki mai ado, marar hali ya ɗauki tsurarta, su hau titi ɗaya.

Ranar da ya shigo da ita layinmu, teloli da masu facin keke suka kewaye ta suna leƙe. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa ya ce, "Alhaji, wannan ai gwangwani ne aka sa wa taya." Sunan ya bi ta. Baffa bai ji haushi ba, shi ma Gwangwani yake ce mata.

Ina iya tuna cikinta kamar yau. Kujerun roba ne baƙaƙe, doguwa a gaba, doguwa a baya. In rana ta gasa su a watan bazara, sai ka shimfiɗa zane kafin ka zauna, in ba haka ba cinyarka ta yi ja. Ƙasanta ƙarfe ne da shimfiɗar roba a kai, akwai ɗan rami a tsakiya da aka toshe da toshiya. Warin fetur da na dawa da na barkono ba ya barinta. Gilashi da hannu ake murɗa shi. Da tafiya ta yi tafiya, mariƙan suka kakkarye, saura ɗaya, shi ake miƙawa daga kujera zuwa kujera, wanda zafi ya dama ya ce a ba shi.

Makullinta kuwa ba ya kwana a aljihun Baffa. Ƙusa ya kafa a bangon zaure, daidai kafaɗar babban mutum, a nan yake rataye shi. Duk wanda ya iya tuƙi a layinmu ya san wurin. Babu wanda ya taɓa ɗauka don yawo. Amma in ciwo ya tashi, ko an yi rasuwa, ko wuta ta kama, ba a neman Baffa, ƙusa ake nema. Motar nan ta ɗauki mai karaya, ta ɗauki tsohon da ba ya iya riƙe fitsari, ta ɗauki ragon suna, ta ɗauki yaron da ya faɗa rijiya aka ciro shi yana amai. In an dawo, a cire toshiya, a watsa ruwa, a bar ƙofofi a buɗe ta sha iska.

Shekarar da zan ba ku labari, ban kai aure ba, ina dai iya ɗaukar tulu. Damina ce, ta yi nisa, gero ya fara kai. Innata tana da ciki, kuma cikin ya ba ta wahala. Wata ranar Juma'a maza duk sun tafi masallaci, aka kece da ruwa, naƙuda ta taso mata. Kakata ta aika aka kira ungozoma. Tsohuwar ta duba, ta sake dubawa, sannan ta fito ƙofar ɗaki ta ce wa kakata a hankali, "Wannan ba tawa ba ce. A kai ta asibiti." Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. 

Babu namiji a layin sai maƙwabcinmu Ibo mai shagon kwanuka, wanda ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Kakata ta ce in ruga in kira shi. Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya shigo zaure, ya kai hannu ƙusa ba tare da ya duba ba, ya ce, "Mama, ku fito da ita."

Mota ta ƙi tashi. Sanyi ya kama batir. Ya leƙo ta taga ya ce a tura. Matan gidanmu da na maƙwabta, waɗanda ko zaure ba sa leƙawa da rana, suka ɗaure zannuwa suka fito cikin ruwa suka sa kafaɗa. Har yau ina jin ƙarar ƙafafunsu a cikin taɓo. Gwangwani ta yi tari, ta yi tari, sannan ta ɗauka.

Inna tana kwance a kujerar baya, kanta a cinyar kakata, ungozoma ta durƙusa a ƙasa. Ni aka sa a gaba, aka damƙa mini mariƙin gilashi. In Inna ta ce numfashinta zai ɗauke, in miƙa a sauke. In ruwa ya feso, in miƙa a ɗaga. Aikina ke nan, na riƙe ƙarfen nan har ya yi mini shaida a tafin hannu. Ba mu kai gadar Kubanni ba faya ta fashe. Muna kan gadar na ji ungozoma tana cewa, "To, ya juyo, ya juyo da kansa." Ko girgizar hanya ce, ko addu'ar kakata, Allah ne masani. Mai tuƙi bai waiwaya ba ko sau ɗaya, idonsa a kan titi, bakinsa yana motsi da tasa addu'ar. Kafin mu isa ƙofar asibiti ƙanena ya yi kuka. Malaman asibiti suka fito suka karɓi Inna, suka tsayar mata da jinin da ke zuba. Daga baya suka ce da an ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi.

Da la'asar aka dawo da motar. Kujerar baya da ƙasa duk jini ne da ruwan haihuwa. Kakata ta tsaya a zaure tana jiran Baffa, kunya ta rufe ta, ɗanta ne amma ta kasa haɗa ido da shi. Ta ce, "Mun ɓata maka mota."

Baffa ya leƙa ciki, ya ɗago ya ce, "Me aka ɓata? Roba ce da ƙarfe. Uwar da ɗan suna lafiya?" Aka ce suna lafiya. Ya naɗe hannun riga ya dube ni. "Ke, ɗebo ruwa. Ki haɗo da toka." Ya cire toshiya, na yi ta watsawa, jan ruwa yana bi ta ramin yana shiga kwata. Ƙarar da na ji jiya ke nan. Kafin magariba makulli ya koma ƙusarsa. Ƙanen nan nawa har ya yi furfura tsofaffin layi ɗan Gwangwani suke kiransa.

To, ga ni yau. Jikata, 'yar babban ɗana, ta zo goyon ciki, na fari ne. Ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar da take sa wa yatsan ƙafa sai da aka yanke shi. Malamar asibiti ta ce jininta ya hau. Ta ce in abu ya taso kada a tsaya a ƙaramin asibiti, a wuce babban da ke can gaba da Kwangila, kuma kada a ɓata lokaci. Muna tsakiyar damina. In aka yi ruwa, layinmu rafi yake zama, mai keke napep ba ya yarda ya shigo. Ko ya shigo, yaya mace mai naƙuda za ta kwanta a keke, a wannan hanya mai manyan motoci? Acaɓa kuwa ba a ma maganarsa.

Ɗana malamin makaranta ne. Ya daɗe yana tari don ya sayi mota, da cikin nan ya bayyana sai ya ƙara himma. Ya zaga masu sayar da motoci na bakin titi a nan Zariya, ya je Kaduna, ya dawo. Abin da yake nema bai fi abin da Baffa ya nema ba: taya huɗu, inji mai lafiya, kujerar da za a iya wankewa. Ya ce mini duk inda ya je dariya ake masa. Wani dillali ya ce, "Malam, irin wadda kake faɗa ai masu ƙerawa sun daina. Ko ta hannu ce 'yar Kwatano, da kayanta take zuwa." Mafi araha a cikinsu tana da allo a gaba kamar talabijin, da na'urar sanyi, da ido a baya mai nuna maka abin da ke bayanka, gilashi sai an danna. Ɗana ya ce a cire masa duk wannan a rage kuɗi. Dillalin ya ce, "In na cire, me zan sayar maka?" Tsofaffin da suka rage marasa ado kuwa, tsatsa ta cinye su, hayaƙi kawai suke yi. Bakaniken layinmu ya ƙara kashe masa jiki, ya ce sababbin nan in sun yi fushi shi ba ya jin yarensu, sai an kai su inda ake jona musu kwamfuta. Ba a tura su kuma su tashi. Ɗana ya dawo hannu rabbana, ya zauna a tabarmata.

Ni ban yi boko ba, ban san dalilin masu ƙera mota ba. Wataƙila ribar tana cikin adon ne. Abin da na sani shi ne sun cire matakin ƙasa na tsani, wanda irinmu ke takawa.

Mota ɗaya ce yanzu a layinmu, ta ɗan wani maƙwabcinmu da ke aiki a Kaduna. A gabana aka yi masa aski na suna. Ranar Lahadin da ta wuce na yafa mayafi na je. Ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe ni. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce, "Haba Kaka, wannan ai ba sai kin taso ba. Ko yaushe ne a buga mini waya." Ya buɗe motar don in ga faɗin bayanta. Ledar kamfani tana nan a kan kujeru bai cire ba, ƙasa darduma ce mai ruwan madara, ƙamshi kamar shagon turare. Ya ce in shiga in gwada. Sai da na zauna na lura na bar takalmana a waje. Babu wanda ya ce in cire.

Ya kalli dardumar, sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Sai dai, Kaka, a ɗan tanadi abin shimfiɗawa." Na ce za a tanada. Ban ga laifinsa ba. Ya gaya mini fitilarta ɗaya in ta fashe, sai ya yi watanni yana gyara aljihunsa. Wanda ya sayi irin wannan ba zai iya rataye makulli a zaure ba, ko da zuciyarsa irin ta Baffa ce. Makullin ma ba makulli ba ne, wani ɗan baƙin abu ne kamar akwatin ashana da ba ya rabuwa da aljihunsa. Har na miƙe zan tafi ya ƙara da cewa, "Kin dai san Litinin da safe nake wucewa, sai yammacin Juma'a nake dawowa."

Na dawo gida na sayi babbar leda irin ta shanyar hatsi, na haɗa da tsofaffin zannuwana, na naɗe na ajiye a bakin ƙofa. Jikata ta tambaye ni na mene ne, na ce na shanya ne. Ta dube ni, ta san ƙarya nake.

An yi wa zaurenmu siminti da fenti, amma ƙusar tana nan, na hana a cire ta. Yaran gida cajar waya suke ratayewa a kai. In na wuce nakan kai hannu in taɓa ta, in dubi sama in ga ko hadari ya haɗu, in lissafa ranar da muke ciki. Na haifi nawa, na karɓi na wasu, ban taɓa zaɓa wa Ubangiji rana ba, yadda ya kawo haka nake karɓa. Amma yau Talata ce, yarinyar nan tun safe take dafe ƙugu, ni kuma duk sallar da na idar sai in ji bakina yana cewa: Allah ka gafarta mini, ka riƙe mata shi zuwa Asabar.