Juyin Mulki a Aji Biyar

Duk wanda ya ƙirga juye-juyen mulkin da aka yi a ƙasar nan, in dai daga littafi ya ƙirga, lissafinsa ya gaza da ɗaya. Akwai wanda malaman tarihi suka tsallake, alhali ya fi sauran tsari: ba a harba harsashi ba, ba a rufe kan iyaka ba, an kuma gama shi kafin a kaɗa ƙararrawar dawowa daga tara. A aji biyar na wata firamare a Kakuri aka yi shi. Ina da hurumin ba da labarinsa, domin ni na rubuta jawabin.

Amma na manya ya riga namu. Ranar Asabar ce, ranar ƙarshe ta 1983, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ina tsugune a bakin famfo ina kankare tukunyar tuwon jiya. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya, irin gidan da in ka yi atishawa mutum ashirin za su yi maka sannu. Baba ya dawo daga aikin dare a masaƙa, auduga ta yi masa furfurar aro, ya kunna rediyo don jin labarai, sai badujala. Aka yi ta kiɗa, matan da ke ɓarar gyaɗar miyar sabuwar shekara suka tsaya da hannu a faranti. Can wani ya yi magana da Turanci, a hankali, kamar mai karanta wasiyya. Baba ya kashe rediyon ya ce, "To, sun dawo." Mama ta ce, "Su dawo mana, in dai za su sauko mana da shinkafa." Mu yara kuwa sai muka saɓa tsintsiya a kafaɗa, muka wuni muna maci tsakanin igiyoyin shanya.

Ɗaki ɗaya ne ba a yi macin a ƙofarsa ba, ɗakin su Ishaya, ɗan ajinmu. Babansa direban wani ɗan majalisa ne da ke zaune a Barnawa, wani lokaci yakan zo da motar, mu yi layi muna duba fuskokinmu a jikin ƙofarta. Sabuwar shekara ba ta yi sati biyu ba sojoji suka je neman ɗan majalisar, suka tarar ya yi layar zana, sai suka zo neman wanda ya san hanyoyinsa. Da rana tsaka suka zo, a babbar mota. Suka fito da mutumin daga shi sai singileti, suka sa shi tsallen kwaɗo tun daga bakin ɗaki har bakin titi, matarsa na biye tana cewa, "Ba shi ba ne, direba ne kawai!" Ishaya na tsaye da kwanon abincin da zai miƙa wa uban, bai ajiye ba, bai zubar ba. Daga ranar, kowace safiya sai an shanya tabarmarsa a bayan katanga, inda uwar take zaton ba mai lura. Na lura. Mama ta ga na lura, ta kama kunnena ta ce, "Yohanna, abin da ka gani a tsakar gida, ka bar shi a tsakar gida."

Ishaya shi ne monitan ajinmu, kuma zaɓarsa aka yi. Malaminmu, Malam Bulus, mutum ne mai son koyar da abu a aikace. Lokacin zaɓen ƙasa na bara ya kawo gwangwanin madara ya huda murfin, muka jefa ƙuri'a, Ishaya ya ci. Aka rataya masa mabuɗin kabad ɗin alli a wuya da zaren buhu, aka ba shi ikon rubuta sunayen masu surutu. Shi ne kuma na ɗaya a kowace jarrabawa. Ni ne na biyu, matsayin da ke koya wa yaro abu biyu: kyakkyawan rubutu da hassada.

Da muka koma makaranta sai muka tarar ita ma ta sa kaki. Hedimasta ya fara yawo da sanda a hammata. Wanda ya makara, tsallen kwaɗo. An ce a ofisoshin gari ma haka ake yi wa masu furfura. Darasin farko ya koma maci, na ƙarshe ya koma shara, lissafi da Turanci suka matsu a tsakiya kamar fasinjan da ya shiga bas a makare. Langa da ƙwallon tsumma suka kwanta, wasa ya zama ɗaya: soja da ɓarawon gwamnati, da bindigogin kara. Ba mai son zama ɓarawo, saboda haka kullum ana neman wanda za a ɗora wa.

Sande ne ya kawo shawarar. Ɗan kofur ne, ya maimaita aji har muryarsa ta fara buɗewa, kuma babu sunan da ya kai nasa yawan fitowa a takardar masu surutu. Ya tare ni a gindin mangwaro ya ce, "Kai mai Turanci, soja ba ya ƙwace mulki ba jawabi. Ka rubuta mana irin na rediyo, ka zama sakatare." Ban yi gardama ba, ban ma yi jinkirin da zan riƙa kare kaina da shi yau ba. Na ɓalle takarda daga tsakiyar littafina, na ari ƙamus, na jera wa Ishaya laifi uku. Na farko, son kai wajen rubuta sunaye. Na biyu, cewa ɗan ɓarawon gwamnati ne. Na ukun babu wanda ya roƙe ni, babu ma wanda ya san da shi a ajin sai ni: cewa mai fitsarin kwance ba ya mulkin mutane.

Ranar da malamai suka shiga taro muka aiwatar. Yara biyu suka tsare ƙofa da bindigogin kara, ɗaya ya kifa bokitin shara yana kiɗan badujala, ni kuma na hau benci na karanta, a hankali, da irin muryar mutumin rediyo. Aka yi tafi a laifi na farko, aka yi ihu a na biyu. A na uku na fassara da Hausa, don kada wani ya rasa. Ba na jin an taɓa yin dariya irin wannan a ajin. Ishaya bai yi kuka ba. Da hannunsa ya cire zaren ya miƙa wa Sande mabuɗin. Sande ya ce a yi masa tsallen kwaɗo zuwa allo, Ishaya ya kama kunnuwansa ya yi ɗaya, ya yi biyu, sai ya tsaya a tsugune, idonsa a ƙofa, yana ta maimaitawa a ƙasan maƙoshi, "Ba shi ba ne, direba ne kawai." Ni kaɗai na san inda ya samo maganar. Malam Bulus ya shigo, ya dubi mabuɗin a wuyan ɗan kofur, ya dubi taga na ɗan lokaci, ya ce kowa ya fito da littafin lissafi. Mutumin da ya huda mana gwangwani ke nan.

Abin da ya biyo baya ba shi da hayaniya. Ishaya ya daina ɗaga hannu. In babbar mota ta wuce sai a neme shi a ƙarƙashin benci. Daga baya yakan sa kayan makaranta mu fito tare, a mararraba ya saɓa ya bi layin dogo, ya zauna a can har a tashi. A lokacin ba mu da sunan wannan ciwo. Mata suka ce iska ce, aka kai shi addu'a, Hedimasta ya ce lalaci ne, aka yi masa bulala. A ƙarshen zango na zo na ɗaya, Baba ya saya mini takalmi. Da aka sako baban Ishaya bayan watanni, ba aiki, ba ƙarfi, suka tattara suka koma Gonin Gora. Jarrabawar shiga sakandare da kowa ya san shi zai cinye, ba shi a ɗakin.

Yau masaƙun sun yi shiru, Kakuri ta koma ta 'yan tireda da masu keke, ni kuma na yi kusan shekara talatin ina koyarwa, har ana gayyata ta in yi wa iyaye lacca kan lafiyar tunanin yara. Ishaya yana sayar da doya a bakin hanyar Abuja. Na fi sau ɗari ina wucewa ina duban ɗaya tagar. Sau ɗaya na tsaya. Ya gane ni tun kafin in rufe ƙofar mota, ya ce, "A'a, mai Turanci! Malam, kana nan? Yaya Mama?" Na tanadi jawabi tun daga gadar Kaduna, mai sakin layi uku. Abin da ya fito daga bakina shi ne tambayar ko doyar ta Binuwai ce. Ya ƙara mini biyu gyara, na karɓa. Nakan yi kewar gidan nan mai famfo ɗaya, inda kowa ya ga tabarmar a bayan katanga, manya ashirin suka haɗiye abin da suka gani, sai yaro ɗaya da ya iya rubutu.

Wani zai so ya ji hukuncin da aka yi mini. Malam Bulus ya karɓe takardar jawabin a ranar, na kwana ina jiran bulala. Washegari ya mayar mini da ita, ya gyara wurare biyu da jan biro. Takwas bisa goma ya ba ni.