Koren Dutsen Sarƙar Hajiya

Lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce mai ji da kanta, haihuwata ta fari ke nan, na koma gidanmu wanka a wani ƙauye kusa da Zakirai, irin ƙauyen da gona take farawa daga bayan katangar gida. Ina da wani hali da har yau nake yaƙi da shi: na fi tsoron a ce na yi kuskure a kan kuskuren kansa. Ko kwano na fasa tun ina ƙarama, sai na tura shi ƙarƙashin rumbu na yi fuska.

A unguwarmu akwai ƙanwar kakata, kowa Hajiya yake ce mata. Tana da sarƙar gwal guda ɗaya mai wani koren dutse a tsakiya, girmansa kamar gurjiya, wadda mahaifiyarta ta zo da ita daga Makka. Duk amaryar da za a kai ɗaki, duk maijegon da za ta fito ranar suna, wannan sarƙar take sawa, kuma Hajiya ba ta taɓa hana kowa aro ba. Sharaɗinta ɗaya ne, ita za ta ɗaura miki da hannunta, ita kuma za ta cire. Mu 'yan mata mun ɗauka rigimar tsufa ce, har tsokanarta muke yi cewa ta fi son sarƙar nan a kan jikokinta.

Ranar sunan 'yata Hajiya ta zo da sassafe ta ɗaura mini. Da la'asar ƙafarta ta matsa mata, sai ta ce na bar ta a wuyana har ta dawo gobe da hantsi. Ni kuwa da aka kawo ruwan wankan yamma, sai na ga ai ba na shiga tafasasshen ruwa da gwal a wuya ba, kuma cire sarƙa wane aiki ne. Maɗaurinta a gaba yake, dab da dutsen. Na laluba na ja, sai ga sarƙa a hannuna, ƙugiyar maɗaurin babu rabinta. Na kakkaɓe tabarma, na duba zanin gado, ban ga guntun ba. Inna tana tsakar gida tana raba naman suna, taku kaɗan ne tsakaninmu, amma na ƙulle sarƙar a bakin zanina na yi shiru.

Yayana mai walda ne, rumfarsa a ƙofar gidanmu take, shi yake gyaran garma da ƙyauren ƙarfe da injin ban-ruwa na duk yankin. Da safe na kira shi zaure na nuna masa. Wallahi ya gaya mini gaskiya. Ya ce shi ƙarfe ya sani, wannan aikin masu gyaran gwal ne na birni, na bari Hajiya ta zo a yi mata bayani. Na sa masa kuka, na ce so yake a yi da ni a gari, a ce abin da mata suka daɗe suna sawa lafiya a wuyana ya karye. Na ce ɗan ɗigo ne kawai, wanda yake haɗa garma ai wannan ba za ta gagare shi ba. Na yi ta zuga shi har ya karɓa, yana cewa a kaina.

Ina tsaye a bakin zaure ina leƙe. Ya kunna wutar gas ya rage ta iya raguwa, ya ɗiga 'yar tagulla a wurin, ƙugiya ta kama. Har na fara hamdala. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi kullum in ya gama da ƙarfe, ya tsoma sarƙar a bokitin ruwan da ke gefensa. Daga inda nake na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Da ya ɗago ta, dutsen nan da yake kore shar ya koma fari-fari kamar idon da yana ta rufe, ga tsaga ta ratsa shi biyu. Yaya ya miƙo mini, ya koma ya zauna a kan benci ya dafe kai.

Da hantsi Hajiya ta shigo tana dogara sandarta, tana tsokanata wai ina kishiyarta da sarƙarta. Wannan karon babu rumbun da zan tura abin ƙarƙashinsa. Na ɗora mata a tafin hannu na faɗi duk yadda aka yi. Ta daɗe tana shafa dutsen da babban yatsanta, sannan ta tambaye ni ina zarenta. Ban gane ba. Ta ce ƙugiyar nan ai a hannunta ta karye tun shekarar da mahaifiyarta ta rasu. Ta kai birni, mai gyara ya ce sai ya ciro dutsen kafin ya sa wuta, domin irinsa ba ya jure zafi, kuma bai yi mata alkawarin zai fito lafiya ba. Ita kuwa ta ce a bar shi, don dutsen nan shi mahaifiyarta take murzawa in tana zaune tana hira. Tun daga nan take ɗaure wurin da siririn zare ruwan ɗorawa, ta ɓoye ƙullin a bayan dutsen. Shi ya sa ba ta bari kowa ya cire. Zare kawai na tsinka, da na yi magana da ta sake ɗaurawa kafin shayi ya huce.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dai ce gwal ko ya narke ana sake ƙera shi, dutse kuwa in ya mutu ya mutu. Mijina ya nemi ya kai a sa wani dutsen, ya ce yanzu masu gyaran birni har inji gare su mai haɗa gwal da ɗan haske ba tare da dutse ya ji zafi ba. Ta ƙi, ta ce sabon ba zai san hannun uwarta ba. Ta ci gaba da ba da aro kamar da, in mata suka tambayi abin da ya sami dutsen sai ta ce tsufa ne, har dutse yana kamawa. Har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunana ba.

Abin da na koya shi ne, ɓarnar da na yi ba a wajen karyewa take ba, a wajen ɓoyewa take. Don haka 'yan'uwana mata, in kayan aro ya sami matsala a hannunki, mai shi za ki fara gaya wa, ita ta san ciwon kayanta. Kuma kada ki kai gwal mai dutse wurin mai walda, komai ƙwarewarsa, in ma ya ce ba aikinsa ba ne ki ji maganarsa.

Bara aka kai 'yar nan tawa ɗakin miji. 'Yar Hajiya ce ta zo ta ɗaura mata sarƙar. Yarinyar ta duba madubi, ta tambaye ni me ya makantar da dutsen. Ɗakin cike da mata, wata har ta fara cewa tsufa ne. Na ce a'a, ni ce.