Shirun da Muka Yaba wa Rakiya

Shekarar da famfon unguwarmu a Birni ya kafe har muka koma hannun 'yan ga-ruwa, ita ce shekarar da matata Rakiya ta rasu. Bana shekara tara ke nan.

Cikinta na fari ne. A wurinmu mai cikin fari ba ta faɗinsa, miji kuma ba ya tambaya, balle a gaban mahaifiyarsa. Don haka da ta daina magana sai muka ce kunya ce. Rakiya da ke waƙa in tana dakan fura ta koma zama bakin turmi, taɓarya a cinya, tana kallon ƙasa. Tuwo ya huce a gabanta. Inna mahaifiyata kuwa nuna ta take yi wa baƙi: "Ku dubi tarbiyya. Matan yanzu, wata biyu kawai sun cika gari da labari." Ni ma na ji daɗin yabon.

A wata na bakwai na raka ta tashar Mirriya, za ta goyon ciki gidan iyayenta. Muna jiran mota ta cika sai ta kama hannun rigata.

"Malam, tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"Ban sani ba. Da shi nake tashi kullum."

"Kowace mace da haka ta fara," na ce. Na janye rigata, don mutane na kallo.

Ban bi ta ba. Yawan zuwa gidan surukai a irin wannan lokaci abin surutu ne. Can ma kunya suka kira shirun nata. Ta bar zuwa awo, abinci sai an matsa mata. Naƙuda ta zo kafin lokaci, ta same ta ba ƙarfi. Kafin saƙo ya iso ni an riga an yi musu wankan gawa su biyu, ita da jaririn.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Kwanan baya malaminmu ya kawo wata takarda daga gidan likita don mu gwada karatu. A kan damuwar masu ciki take. Ni karatuna a hankali ne, da yatsa nake bi. Rashin magana. Ƙin abinci. Tsoro ba dalili. A ƙasa an rubuta cewa ciwo ne, kuma ana taimakon mai shi. Na kai ƙarshe, malam ya ce na yi ƙoƙari, na miƙa wa na kusa da ni. Ban ji komai a raina ba. Har yau ban ji ba.

Da tana raye ban san me za ta ce da wannan takarda ba. Wataƙila ta tambaya ko mazan ma ana karanta musu. Wataƙila ta yi shiru, a sake yabonta.

Ba ni da hotonta. Muryarta ma ta fara ɓace mini. Abin da na rasa dai ga shi: mace ɗaya mai shekara ashirin da uku, da ɗa namiji ɗaya da bai kai ranar suna ba.