Hannun Jarin da Sa'idu Ya Hana Ni

Har gobe ba zan manta da ranar da Mista Bulus ya tara mu direbobi a ofishinsa ba. Shi ne shugaban sashen ma'aikata a kamfanin jimar fata da na yi wa aiki a Challawa, mutumin Kudancin Kaduna, ba ya kwana-kwana a magana. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, lokacin ina babban direba. Aikinmu shi ne mu kwaso ma'aikata daga Panshekara da Zawaciki, mu mayar da waɗanda suka tashi.

Ya ce kamfani ya gaji da gyaran motoci, don haka an ba wani kamfani na waje kwangilar jigilar ma'aikata. Mai so ya koma can da albashinsa, wanda ba ya so a sallame shi. Sai ya leƙa ƙofa ya ce manajan sabon kamfanin ya shigo. Ina ɗaga kai na ga Sa'idu.

Sa'idu a da lebura ne a sashen da ake barbaɗa wa ɗanyar fata gishiri don kada ta ruɓe. Na yi shekaru ina ɗaukar sa a bakin titi. Ga shi yau cikin farar shadda. Ya rusuna ya ce, "Baba Lawan, an tashi lafiya?" Na amsa.

Bari in yi wa ƙananan cikinku bayanin tushen abin. Da aka faɗaɗa filin masana'antu, an karɓi gonakin ƙauyuka biyu, namu da na su Sa'idu, rafi ne kawai tsakaninmu. An daɗe ana jayayya kan diyya, har wasu dattawan suka rasu ba su gan ta ba. Da kuɗin suka fito, mu muka rabe, kowane gida ya kama nasa. Ni na sayi babur, na yi wa ɗakuna rufin kwano, saura ya bi hidimar gida. Su kuwa suka tara mafi yawan nasu wuri ɗaya, suka yi rajistar kamfani, wanda shi ne yanzu ya sami kwangilar jigilar nan, kowane gida da hannun jari gwargwadon gonarsa. Dariya muka yi musu, muna cewa shugabanninsu za su cinye.

Na karɓi aikin, don ina da iyali. Motocin masu lafiya ne, albashi bai taɓa makara ba, Sa'idu kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wannan ma ya fi ci mini rai, da ya wulaƙanta ni da na sami abin riƙewa. Kullum hanyata ta cikin ƙauyensu take. Ina gani suka haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki. Bayan damina suka gina ƙaramin asibiti, sannan ajujuwa. Matan ƙauyenmu suka koma tsallake rafi suna ɗebo ruwa a famfonsu. Ranar da aka raba ribar shekara, direbobin da ke ƙarƙashina 'yan ƙauyen suka zo suna ta raha, ni kuwa ko abincin rana ban iya ci ba.

Da abin ya ishe ni, na sayar da babur ɗin, na sami Sa'idu na ce a sayar mini da hannun jari. Ya ce zai kai wa kwamitin dattawa. Bayan taronsu ya zo gareji da kansa, ya ja ni gefe. Ya ce ba a amince ba, kuma ba zai ɓoye mini ba, shi ma bai goyi baya ba. Hannun jarin nan, in ji shi, shi ne gonakin iyayensu. In suka sayar mini yau, gobe masu kuɗin birni za su saye sauran, sai a raba su da ƙasarsu karo na biyu. Ruwa da asibiti da makaranta kuwa, na kowa ne.

Na ce masa, "Ai mu ma an karɓi gonakinmu."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "An karɓa, Baba. An kuma biya ku."

Na so in ajiye makulli a ranar. Mista Bulus ne ya hana ni, ya ce shi da ya tsufa a Kano cikin gidan haya bai yi fushi ba, balle ni. Na zauna har na yi ritaya, amma ban ce muku zafin ya tafi ba.

Kafin in bar aiki aka sake yanke mana wani fili saboda titi, za a biya diyya. Na miƙe a ƙofar gidan mai unguwa na ce mu yi yadda maƙwabtanmu suka yi. Kowa ya ce shawara ta yi. Sai wani dattijo ya tambaya wa zai riƙe kuɗin. Na duba fuskokin 'yan uwana ɗaya bayan ɗaya, ni kaina ban iya kiran sunan kowa ba. Haka muka sake rabewa.

Abin da na koya ke nan a wannan aiki: kamfani ba motoci ba ne. Na yi shekaru ina kishin motocin su Sa'idu da tankinsu, ashe abin da suka fi mu shi ne suna da mutumin da za su damƙa wa amana su koma gida su yi barci.