Kifi Mai Sulke, Marar Muƙamuƙi

Zamanin Nasara ni magidanci ne a Wurno, sana'ata zayyanar allo. Daga Raba har Goronyo, duk wanda ɗansa ya kusa saukar karatu, ni yake aiko wa da allo.

Wata shekara, bayan an cire albasa, wani Bature mai tonon duwatsu ya sauka barikin garinmu. Ƙasusuwan kifi da na kada waɗanda sunka zama dutse yake haƙowa a tuddanmu. Hakimi ya aiko anka kira ni, wai Baturen na biɗar mai hannun zane. Kiran hakimi kuwa ba a ce masa sai gobe.

Abin da Baturen ya shimfiɗa gabana ba namu ba ne, daga ƙasarsu ya zo da shi cikin akwati: ɓallayen dutse baƙaƙe, masu gurzi-gurzi kamar bayan kada. Tafinta ya ce wani kifi ne da irinsa ya ƙare tun ba a yi mutum ba. Kansa cikin sulken ƙashi yake, ba shi da muƙamuƙi, bakinsa rami ne kurum. Ana so in zana shi kamar yana raye.

Kwana uku ina ɓarnar takarda. Duk wanda na zana sai ya fito tamkar tarwaɗa ta sa hula. Da abin ya ishe ni, na tafi Goronyo na ɗauko kawuna, masunci ne da ya tsufa cikin gulbin Rima. Ya shafa duwatsun da yatsa, ya ɗaga ɓallin da Baturen ya aza a sama.

"Wanga ciki na, ba baya ba," in ji kawu. "Kifin da ba ya cizo, mi zai ci in ba laka ba? Bakinai ƙasa, idanunai bisa, kwance yaka wuni."

Baturen ya yi ja wur, ya yi ta gardama ta bakin tafinta. Can ya juya ɓallin, sai ga su sun haɗu kamar fasasshiyar ƙwarya. Wutsiya ba mu da ko gutsurenta, kawu ya kwatanta ta da hannu, ni kuma na yi ta da ɗigo-ɗigo don a san kintace ce.

Kafin Juma'a labari ya game gari. Malamina ya kira ni zaure.

"Da hannun da kaka rubuta sunan Allah ka zana mai rai? Ranar gobe in anka ce ka hura mishi rai, mi za ka ce?"

"Allah gafarta malam, hakimi ya sa ni."

"Sai ka kira shi ya tsaya maka can."

Daga ranar allo bai sake shigowa gidana ba. Na koma ban ruwa a fadamar wani, hannuwana sunka faffashe har alƙalami ya daina zama cikin yatsuna. Hakimi ko gaisuwata bai ƙara tsayawa amsawa ba.

Bayan shekaru, kawu ya riga ya rasu, wani malamin elementare a Raba ya buɗe mini littafin Turanci yana murna. Ga kifina kwance, har inda tawada ta ɗan zarce gefen ido. An cike ɗigo-ɗigon wutsiya da layi sosai. Na ce ya karanta mini abin da ke ƙasa. Sunan Baturen ne kaɗai.

"Dubi aikin Nasara, Baba," in ji shi. "Mu ina za mu iya wanga?"

Na ce, "Haka na, malam." Na miƙa masa littafinsa.