Gajimare Babu Rubutu

A wani ƙauye kusa da Minjibir, inda gona ke jingine da gona har ba a gane iyaka sai da layin gamba, nan Malam Sabiru ya tashi, nan kuma furfura ta same shi. Mahaifinsa ne ke faɗa wa unguwa lokacin shuka. Yakan fito bayan sallar asuba ya shaƙi iska, ya dubi gawo ko ya fara zubar da ganye, sannan ya ce a fito da sungumi ko a dakata. Sabiru bai gaji wannan hancin ba. Abin da ya samu shi ne karatun firamare da waya mai faɗin fuska. A cikinta yakan buɗe wani shafi na hasashen ruwan sama: sunan gari a sama, ranaku a jere, ƙarƙashin kowace akwai hoton rana ko na gajimare da ɗan bayani. Da wannan ya riƙe gurbin mahaifinsa, ba a kuma yi ƙorafi ba.

Bazarar da abin ya faru, iri ya yi masa ƙaranci. Daminar baya ba ta yi kyau ba, abin da ya rage a rumbu bai wuce na shuka ɗaya ba. Gero ne na gado, mai doguwar zangarniya, ba a samunsa a kasuwa. Sabiru kuwa mai son binne ne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwa mai ƙarfi ya biyo baya, ka riga kowa cin tumu. In yayyafi ya zo ya tsaya, iri ya tsiro ya ƙone, shi ke nan.

Wata safiya ya zauna a gindin darbejiya ya buɗe shafin. Ga gajimare nan a jere, baƙaƙe, kowanne na zubar da ɗigo. Rubutu kuwa babu ko ɗaya. Inda ranaku suke fari fat, inda sunan gari yake fari fat, kamar allon da aka wanke.

Ya goge fuskar wayar da gefen riga. Ya kashe ta, ya kunna. Ya murza ido, ya miƙa hannu nesa, ya dawo da shi kusa. Daga nan ya kira matarsa Furera, wadda ta fi shi ƙarfin gani.

"Ke, duba min. Idona ne ko wayar?"

Ta karɓa da hannun da ba tsaki a jiki. "Malam, in idonka ne to nawa ma ya kamu. Hadari dai ga shi, amma ba wanda ya ce na yaushe ne."

Ya hau katanga neman sabis. Yana can sama maƙwabcinsa Madu ya fito, Babarbaren da kakanninsa suka zauna nan tun da daɗewa, abokin tsokanarsa tun suna yara.

"A'a, Sabiru! Kusa da gajimaren ka matsa ka tambaye su da baki?"

"Rubutu ne ya gudu."

Madu ya leƙa, ya yi dariya. "To me za ka yi da rubutu? Gero boko ya yi? Ga ruwa an zana maka ƙiri-ƙiri, har da walƙiya. Ni gobe zan fita."

Sabiru ya sauko da kai a ɗaure. Sama tas take, ba ko ƙyallen girgije, iska kuma busasshiya. Amma wayar ba ta taɓa jera masa hadari haka ba. Ya dubi sama, ya dubi tafin hannunsa, ya rasa wanda zai gaskata. In ya jira, ruwan ya zo, Madu zai shekara yana yi masa waƙa. In ya binne bai zo ba, geron gidansu ya ƙare a hannunsa.

Washegari ya ɗauki sungumi. Furera ta auno iri a ƙwarya, amma sai ta tsaya a bakin rumbu.

"Malam, rabi zan ba ka."

"Rabi kuma? Gonar rabi ce?"

"Labarin ne rabi. Ranar da suka rubuto sauran, sai ka karɓi sauran."

Ya yi faɗa, ita kuwa ta kai ragowar ɗakinta. Ya binne gonar bayan gida, yana sara tana zubawa tana rufewa da diddige, Madu na nasa a can gefe.

Ranar kasuwa ya hau babur zuwa Minjibir, wajen Munir mai gyaran waya. Munir ya taɓa nan ya taɓa can.

"Baba, ka kunna tsimin data ne?"

"Ni ban kunna komai ba. Ban san tana tsimi ba ma."

Munir ya kashe shi, ya sake buɗe shafin. Babu. Ya share tarkacen da wayar ta tara, ya kuma buɗewa. Babu. Ya sosa ƙeya, ya ce haruffan daban suke tahowa, hotuna daban, wani lokaci su maƙale a hanya.

"A wace hanya? Ta Kano?"

"Ba irin wannan hanyar ba, Baba."

"To ina suke yanzu?"

Munir ya sake duƙufa kan wayar. Ya buɗe shafin ta wata manhaja, ya gyara wani abu, ya koma ta farko. Sai ga rubutu ya fito baki ɗaya, kamar farin dango ya sauka a gona. Sabiru ya yi hamdala, ya kai ido sama inda sunan gari yake. Legas.

"Shafin ya manta garinku," in ji Munir. "Ruwan Legas kake kallo."

Munir ya rubuta Minjibir. Rana ta jeru, ja, ja, ja, sai can ƙarshe wani ɗan gajimare fari.

"Wannan zai zubo ko ba zai zubo ba?"

"Zai iya zubowa, zai iya fasawa."

"Wannan ai ni ma na sani, ɗana."

Ɗan gajimaren nan ya zubo, amma yayyafi ne wanda bai kai zurfin ɗan yatsa ba. Binnen ya leƙo kore shar, ya yi kwanaki yana kallon sama, ya lanƙwashe. Madu ya sayo wani irin a kasuwa, ya kuma daina zancen boko na ɗan lokaci. Da ruwan gaske ya sauka, Furera ta fito da ƙwaryar ragowar irin. Suka shuka ta da tazara don ta kai, geron gidan ya rayu.

Har yau ana zuwa wajen Malam Sabiru tambayar shuka. Yana faɗa, amma a hankali. In kuma ya haɗu da Munir a kasuwa, sai ya riƙe masa hannu ya sake tambaya, ina haruffan nan suka je, me kuma ya hana gajimaren bin su.